Nuala Ta Fita Daga Tarayya

Ranar Juma'a da safe Nuala McGlinchey ta tashi da farin cikin da rabonta da irinsa tun mijinta Manus yana raye. Rediyon da ke kan firji ya faɗa ya sake faɗa: masu son a fita daga Tarayya sun yi nasara. Kunnenta na hagu ya daɗe da yin ritaya, na daman ma sai abin da ya ga dama yake kawo mata, amma wannan kam ta ji shi sarai. Ta ɗora shayi, ta lafta wa burodi man shanu, ta zauna bakin taga tana kallon gadar garinsu Drumaveen. Ashe za ta ga wannan rana da idonta.

Shekarunta tamanin da huɗu, kuma tun tasowarta kalmar Tarayya abu ɗaya take nufi a garin: igiyar da ta ɗaure wannan gefen kogi da Landan, ta bar wancan gefen a wata ƙasa daban, ƙarƙashin gwamnatin Dublin. A kanta aka yi zage-zage, a kanta aka binne samari. Shi ya sa jiya a rumfar zaɓe, ga shi ta manta tabarau a gida, ta ce wa ma'aikaciyar ta nuna mata layin masu fita kawai, ta danna fensir har bakinsa ya karye.

'Yarta Dervla, mai aiki a otal ɗin tsallaken kogi, ta shigo ko ƙwanƙwasawa babu, idanunta jawur.

"Mami, kin ji abin da aka yi mana?"

"Na ji, 'yar nan. Zauna ki sha shayi. Da ubanki na nan, da yau ya bugu kafin rana ta take."

Dervla ta tsaya da jaka a kafaɗa. "Murna kike yi?"

"To kuka zan yi? Mun rabu da Landan. Iyaka ta ƙare."

"Mami. Me kika zaɓa?"

"Fita mana."

"Fita daga ina?"

"Daga Tarayya. Wai Tarayya nawa ce?"

"Biyu ce, Mami! Tarayyar Turai aka tambaye ki! Landan muna nan liƙe da ita kamar kaska. Su na tsallake suna cikin Turai, mu muka fita. Iyakar da aka share ce za ta dawo."

Nuala ta juyo da kunnen dama, ko shi zai kawo wani labari daban. "Amma rediyo ya ce mu nan arewacin tsibirin yawancinmu zama suka zaɓa."

"Sun zaɓa. Ingila ta fi mu yawa."

"Tsaya in gane. Mun ce a zauna, an fita. Ni na ce a fita, na zauna?"

Dervla ta dubi agogo. Ta ce ta makara, kuma ba ta ma san ko wata mai zuwa tana da aikin ba, ta fice ta bar ƙofa a buɗe.

Sai a lokacin Nuala ta tuna da zancen kabari. Manus yana kwance a maƙabartar cocin tsallake, cikin danginsa, kuma a jikin dutsen kabarinsa an riga an sassaƙa sunanta a ƙasan nasa, ranar mutuwa kawai aka bari. Ita kuwa ta san abin da iyaka ke yi wa gawa. Shekarar da mahaifiyarta ta rasu, sojoji sun toshe gadar nan da tubalan kankare. Mazan wannan gefe suka kai akwatin tsakiya, suka miƙa ta sama kamar buhun dankali, na can suka karɓe. Tana tsaye a bakin ruwa ta ga an tafi da uwarta ba ita. Wannan karon wa ya sani ko miƙawar ma za a bari? Garin neman gira ta rasa ido, kuma da hannunta.

Ta ɗauki sanda ta nufi wurin Hughie Gallen. Hughie shi ne mai kanti, shi ne mai mashaya, shi ne kuma mai shirya jana'izar garin, don haka duk wanda aka haifa a Drumaveen sai ya bi ta hannunsa sau uku. Ta same shi yana goge kofuna, Dinny mai tumaki na zaune ya zuba wa talabijin ido.

"Hughie, in na mutu za ka iya tsallakar da ni?"

"Haba Misis McGlinchey, ai ke za ki binne ni."

"Ba addu'a na zo nema ba. Eh ko a'a?"

Hughie ya sosa ƙeya. "Yau dai zan iya. An ce sai bayan shekara biyu abin zai fara."

"Wata uku," in ji Dinny. "Surukina ya ce wata uku. Wai har an yi odar shinge."

"Surukinka da ya ce tumaki za su yi tsada?" in ji Hughie.

"To ai akwati katako ne," Dinny ya ci gaba, ko a jikinsa, "katako kuwa kaya ne. Kwastan sai sun buɗe."

"Ni akwatunan nawa ma daga can nake sayo su," in ji Hughie a hankali, kamar yanzu abin ya faɗo masa. "Ya shigo fanko, ya koma cike. To a kan wanne za a biya?"

"Wa zan tambaya?" in ji Nuala. "Wa ya sani?"

Dinny ya nuna talabijin da haɓa. "Ga waɗanda suka ci zaɓen can. Dube su, sun yi tsuru-tsuru kamar ɓera a buta. Su ma ke suke jira ki gaya musu."

Ta fito kanta ya fi ɗaurewa fiye da yadda ta shiga. Gada tana nan yadda take, motar madara ta wuce, wani kare ya tsallaka Turai ya ɗaga ƙafa ya dawo, ba wanda ya ce masa uffan. Amma haka take a wancan karon ma, ana gobe za a toshe. Tsoro ya kama ta sosai, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da likita ya ce zuciyarta ta gaji. Mutuwa ba ta dame ta ba, a ajiye ta nesa da Manus ne ba za ta iya ba.

Tana isa gida ta jawo tsohon akwatin tafiya daga ƙarƙashin gado. Ta zuba a ciki riguna, magunguna, carbinta, da shuɗiyar rigar da ta ce a binne ta da ita. Ta kashe rediyo, ta kulle ƙofa.

Gida na farko bayan gada na Concepta ne, yayar Manus. Tun ranar biki ba su sha inuwa ɗaya ba, don Concepta ta rantse Nuala ta sace mata ƙane ta kai shi wata ƙasa, alhali daga ƙofarta ana hango shanyar Nuala. Ko a jana'izarsa kai kawai suka ɗaga wa juna.

Concepta ta buɗe, ta dubi Nuala, ta dubi akwatin.

"Lafiya? Ko Ingila ta kore ku tun yau?"

"Na zo in mutu a nan."

"Yaushe?"

"Ban sani ba. Hughie ya ce shekara biyu, Dinny ya ce wata uku."

"Mutuwar?"

"Iyakar."

"Ku kuka yi ƙuri'arku, mu ko tambayarmu ba a yi ba, kuma ni zan ɗauki ɗawainiya?"

"Ni na jawo, Concepta," in ji Nuala. "Na ɗauka dawo da mu wurinku nake yi."

Concepta ta sake duban akwatin. Ita ma tsufa ya lanƙwasa ta, sai da ta dafa bango kafin ta sunkuya ta kama hannun akwatin.

"Goge ƙafarki," ta ce. "Ɗakinsa na sama. Tun ranar da kika tafi da shi nake gyara gadon nan, ban san ke nake wa ba."