Turmin Tabawa

Maganar ta iso wa Malama Hure ranar Litinin da hantsi, kuma ba a bakin mata ta zo ba, duk da ana cewa su ke yawo da irinta. Rabe ne ya kawo ta, ƙanen marigayi mijinta. Ya jingine kekensa a zaure, ya shigo yana huci, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Malama, kin ji abin da ake faɗi cikin Gummi? Wai Hafsa dakau take yi."

"Wace Hafsa?"

"Ɗiyarki mana, autarki! Kullum da safe sai ta shige gidan Tabawa mai fura, ta tuɓe hijabi, ta ɗau taɓarya tana daka ana biyan ta. Ma'aikaciyar sakatariya guda! An ce mijinta Lirwanu ya bar ciyar da ita."

Malama Hure ta cire tabarau ta goge da bakin zane. "Wa ya gani?"

"Kowa ya sani."

"Ban tambaye ka wa ya sani ba, Rabe. Shekara talatin da biyu ina kiran suna a aji, daga Anka har Bukkuyum, ban taɓa samun yaro mai suna Kowa ba."

Rabe bai yi dariya ba. Ya ce shi ne waliyyin Hafsa, shi ya ba da aurenta, kuma ba zai zauna ana yi da ɗiyar yayansa a majalisa ba. Ranar Juma'a da an sauko masallaci zai ɗauki dattawa biyu su tafi gidan uban Lirwanu, kuma ƙafarsa ƙafar Hafsa, gida za ta dawo. Malama Hure ta san shi. In ya furta abu a gaban mutane ba ya janyewa, ko da daga baya ya gane shirme ne.

"Ba ni zuwa Juma'ar," in ji ta. "Ina son in gani da idona."

Washegari da la'asar ta shirya ta tafi gidan Hafsa, wai ta yi marmarin jikoki. Ta tarar da gidan a yadda ta saba tarar da shi ranar aiki. Hafsa ta dawo daga ofis ke nan, jakarta a kan kujera, takalmi ɗaya a ƙofar ɗaki ɗaya a tsakar gida, tukunya a wuta, tana neman hijabin Islamiyyar Khairat tana kuma tsawata wa Musbahu ya bar wasa da ruwa. Lirwanu ya fito da takalman ƙwallo rataye a kafaɗa, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya wuce filin da ma'aikata ke bugawa da yamma.

Ta yi kamar tana neman ludayi ta leƙa ɗakin ajiya. Ga shinkafa, ga dawa, ga manja da man gyaɗa. Gidan da ake yunwa ba haka yake ba. Har ta fara shirya kalmomin da za ta wanke Rabe da su, sai Hafsa ta miƙo mata kofin ruwa. A tafin hannun akwai kanta, jere a gindin yatsu, irin wadda alƙalami ba ya yi. Hafsa ta ga inda idon uwar ya sauka, ta dunƙule hannun ta mayar cikin zane.

"Ƙarfe nawa kike fita da safe?" in ji Malama Hure, kamar hira.

"Ai Inna, ni daga asuba ban sake zama. In dama kunu, in yi wa yara wanka, in zuba musu na makaranta. Bakwai saura mun hau kabu-kabu, bakwai na aje su. Takwas ina bisa teburina, in ba haka ba a ja layi ƙarƙashin rajista."

Malama Hure ta gyaɗa kai. Daga makarantar yaran zuwa sakatariya, ko tsohuwa mai sanda ba ta wuce minti goma. Minti hamsin ke nan ba su da gurbi.

A hanyar gida ta riƙa juya abin. Ba wai dakan ne baƙo a wurinta ba. A Gwashi ta tashi, ita da wannan Tabawar, gidajensu danga ɗaya ta raba. Tun kansu bai kai tsawon taɓarya ba ake tashinsu su yi surfe kafin rana ta fito. Ita aka kai ta makarantar kwana, Tabawa aka bar ta da turmi, aure kuma ya sake haɗa su a Gummi. In ta ji mutanen yanzu suna cewa matan da sun fi lafiya saboda daka, sai ta tambaye su ina matan suke. Ta san nawa aka binne kafin su yi furfura. Shi ya sa ranar da injin niƙa ya fara kuka a unguwarsu ita ce ta fara aika hatsi, aka yi ta cewa malamar boko ragguwa ce, tuwonta warin mai yake. Ta kife turminta a gindin dalbejiya ya zama kujera. A kansa mijinta, marigayi Malam Halilu, yake zama da yamma, Hafsa a cinyarsa, yana koya mata ƙidaya da ƙwallon dabino. Ita kuwa ta rantse hannun yarinyar nan ba zai san taɓarya ba, kuma bai sani ba har aka kai ta ɗaki.

Ranar Laraba bakwai da rabi ta shiga lungun su Tabawa. Tun daga bakin lungun ta ji shi. Dum. Dum. Dum. Sai ta tsaya, ba don gajiya ba. Ta manta rabon da ta ji wannan sauti da safe. A da, garin ba ya farkawa sai da shi. Gida ɗaya zai fara, na kusa ya amsa, har ka iya gane matar wane ce ta makara, wace ce aka ɓata wa rai daren jiya, don dakan mai fushi daban yake. Yanzu sai ƙarar babura da janareto. Ta saurara da kyau. Wannan dakan ba na Tabawa ba ne. Yana da ƙarfi amma ba shi da daɗin kunne, na wanda ya koya da girma.

Ta yi sallama ciki-ciki ta shige.

Hafsa ce tsaye kan turmi, ɗaure da tsohon zane da wata riga duk ta koɗe, gumi yana bin wuyanta. Kayan ofis ɗinta a goge suna rataye a igiya, an lulluɓe su da mayafi don ƙura. A bakin rijiya an jingine waya, lambobi suna tafiya a fuskarta. Tabawa na zaune a kan kujera 'yar tsuguno, tana miƙa mata dafaffen dunƙulen fura ɗaya bayan ɗaya.

"Daga kafaɗa, 'yar nan, ba daga gwiwar hannu ba! Sau nawa za ni faɗi?" Sai ta ɗaga kai ta ga baƙuwar. "A'a! Yau hedimasta da kanta? Ku tashi tsaye, an zo duba makaranta."

Taɓaryar ta tsaya a sama. "Inna."

"Ci gaba," in ji Malama Hure. "Kar furar mutane ta huce." Ta juya ga Tabawa. "Nawa kike biyan ta?"

Tabawa ta tafa hannu ta yi shewa. "Biya? Ni ya kamata a biya! Wata ukku ina koya wa ɗiyarki abin da uwarta ta ƙi koya mata. Randa ta fara, turmin ta kusa kayarwa, rabin hatsin kaji sunka ci. Kuma ke, ba ke ce kika aiko mani cewa furata ta dawo irin ta da ba? To ga mai hannun nan. Nawa hannun ya bar ɗaguwa tun bara."

Malama Hure ta tuna. Gaskiya ne, ta faɗa, har ta ƙara da cewa da ma ta san Tabawa ba ta tsufa ba.

Wayar ta yi ƙara. Hafsa ta jingine taɓaryar, ta zauna a bakin rijiya tana mayar da numfashi. Ba ta dubi uwar ba.

"Likita ne ya ce in riƙa motsa jiki. Minti talatin kullum, har in yi gumi. Ya ce zaman ofis ya yi mani yawa."

"Shi ne ba ki iya tafiya ƙasa kamar kowa?"

"Na gwada, Inna. Mako guda ina tafiya ofis da ƙafa. Ban yin taku ashirin sai wani ya tsaya da mota, Hajiya shigo in rage maki hanya. Masu kabu-kabu suna bi na suna danna mani oda. Ran na huɗu wata ta tare ni tana yi mani jaje, wai ta ji Abban Khairat ya sai da babur. Na sawo igiya ina tsalle cikin gida, yaran maƙwabta sunka hau katanga suna ƙirga mani. Shi Abban Khairat yana fita ƙwallo da gajeren wando ba mai cewa komi. Ni in na fita da gudu cikin Gummi, kafin azahar an kawo mai ruƙiyya."

Tabawa ta ƙyalƙyale da dariya. Malama Hure ba ta yi ba.

"Likita ba ya cewa haka nan kawai. Mi ya gani?"

Hafsa ta sunkuyar da kai. Tabawa ta tashi, wai za ta duba wuta.

"Hawan jini," in ji Hafsa. "Ya hau sosai. A ofis jiri ya ɗebe ni, sai farkawa na yi a asibiti."

Malama Hure ta nemi wuri ta zauna. Malam Halilu ma a ofis hawan jinin ya ɗauke shi. Ranar wata Talata ya fita da farar riga, ya ce a ajiye masa tuwon rana, kafin sha biyu masinja ya zo a guje. An same shi kife a kan teburi, biro a hannu. Yana da shekara arba'in da ɗaya. Ba ta buƙaci alli ba ta san shekarun Hafsa: talatin da tara.

"Shi ya sa na hana a gaya maki. Na ce in kin ji sunan ciwon ba ki sake barci. Na sa Abban Khairat ya yi mani alkawari. Ya ji abin da ake faɗi a kanshi, har a masallaci an yi mashi habaici, ya ce ba komi, ya wuce."

"Bai wuce ba. Jibi Baffanki Rabe zai tafi gidan surukanki da dattawa, ya taho da ke."

Hafsa ta ɗago a firgice. "Baffa? A kan daka?"

"A kan yunwa. Ko dai a faɗi sunan ciwon, ko a bar wa mijinki sunan da anka laƙa mashi. Sirrinki ne, ban faɗi sai kin ce."

Hafsa ta dubi tafin hannunta. "Gaya mashi, Inna."

"Yanzu nawa jinin yake?"

"Ya sauka. Likita ya ce in na ɗore da wannan da magani da rage gishiri, ba abin tsoro."

"Likitoci suna faɗin abubuwa da yawa. Ki kawo mani katin in gani."

Ta tashi ta nufi turmin. Saura dunƙule biyu ba a kirɓa ba. Ta cire mayafi ta ɗaure ƙugu, ta ɗauki taɓarya ta biyu da ke jingine a bango. Ta fi yadda ta tuna nauyi.

"Tashi. Kina daka kamar mai buga hatimi. In na sauka ki ɗaga, in na ɗaga ki sauka."

Suka fara. Sau biyu taɓaren suka yi karo, sannan suka daidaita, sauti biyu suna bin juna, har Malama Hure ta ɗan goga tata a bakin turmi ta fitar da ƙaramar ƙara tsakanin bugu da bugu, irin luguden da suke yi a Gwashi. Tabawa ta fito daga madafa da gudu-gudunta na tsufa tana tafi.

"Hure! Ashe boko bai cinye shi duka ba! Jefa ta sama ki tafa mu gani!"

"In jefa ta faɗo mani a ka, ki samu labarin kaiwa kasuwa?"

Ba ta kai minti biyu ba ta ajiye, kafaɗa tana zafi. Hafsa ta duba waya ta yi salati, ta suri bokiti ta shige makewayi. Takwas saura minti biyar ta fito cikin atamfa da hijabi a goge, jaka a kafaɗa, ba wanda zai ce ta taɓa ganin turmi. A bakin zaure ta waiwayo.

"Inna, in an tashi ni zan ɗauko yara, sai mu biyo da katin."

Ranar Alhamis da hantsi Malama Hure ta aika a kira Rabe. Ya same ta a gindin dalbejiya, ta sa an tayar da tsohon turmin, tana kankare ƙasar da ta cika cikinsa. Ta bari ya zauna, ta tura masa kwanon fura, ta jira ya sha.

"Na je na gani," in ji ta. "Hafsa tana daka a gidan Tabawa, Litinin zuwa Juma'a, daga bakwai da minti goma zuwa takwas saura ashirin. Ba a biyan ta. Abinci cike da ɗakinta. Ciwon yayanka ne ya kama ta, likita ya ce ta motsa jiki, ita ta hana mijinta faɗi don kar in ji. Furar da ka sha yanzu ita ta kirɓa ta."