Taku Arba'in da Bakwai

Rami na uku ke nan Mirek ya haƙa da katafila, bai tono komai ba sai ragowar dankalin bara. Ya kashe injin ya leƙo.

"Kaka, ba komai a nan sai tana."

"Kai ne tanar," in ji Leokadia. "Ƙato da kai, ƙidaya ma ta gagare ka."

Mutanen gari da suka jeru a bakin gonar suka yi dariya, amma ita zuciyarta ta tsinke. Gobe da safe za a malala kwalta a kan wannan gona, sabuwar hanyar da za ta bi gefen kogin San. Shugaban aikin, Wojtas, ya ba su zuwa ƙarfe biyar, shi ma don Mirek direbansa ne. Ga shi huɗu ta gota.

Shekararta shida lokacin da Jamusawa ke bi coci-coci suna sauke ƙararrawa su narka. Mahaifinta da maƙera biyu suka riga su. Suka ɗora ƙararrawar garin, mai suna Urszula, a keken doki, suka lulluɓe ta da taki, da asuba suka binne ta a nan. Leokadia ta biyo su ba takalmi. Uban bai kore ta ba, sai ya ce ta ƙidaya taku daga gicciyen dutse zuwa ramin, ta wajen kogi, ta riƙe a ranta. "Ranar da aka sake buga ta, ko ina nake zan ji," ya ce. Kafin sati ya zagayo aka cusa su ukun a jirgin ƙasa, babu wanda ya dawo.

Tun tana yarinya take ba da labarin, garin kuwa ya mai da shi tatsuniyar tsohuwa. Yanzu lasifika ce ke yi wa cocin ƙararrawa, kuma ba wanda ya ji kunya.

"Iya, ki yi haƙuri," in ji Wojtas yana duba agogo. "Arba'in da bakwai kika ce. Ni na taka, jikanki ya taka, Fadan coci ma ya tattare riga ya taka. Shekara tamanin ba wasa ba ce."

"To ku matsa in gani da idona."

Aka kai ta gindin gicciyen. Ta dafa dutsen, ta fuskanci kogi, ta fara jan ƙafa da sandarta tana ƙidaya a fili. Tafiyar tsufa ce, ƙafa da kyar take wuce 'yar'uwarta. Da ta kai arba'in da bakwai ta tsaya, ko rabin hanyar ramukansu ba ta yi ba. Wata mata ta ce, "Allah sarki."

Mirek ya diro daga katafila yana kallon sawunta a ƙasa.

"Kaka, ranar nan wa ya yi takun? Babanki ko ke?"

"Ni mana. Shi yana riƙe da doki."

Mirek ya dafe kai. Tun safe ƙarti ke zabga taku, alhali ƙafar 'yar shekara shida ce ta auna wurin, kuma tsufa ya dawo mata da ita daidai.

Wannan karon da shebur suka haƙa, har da Wojtas. Da ramin ya kai ƙirji, shebur ya daki wani abu, ƙasa ta amsa da wani irin gunji. Suka koma tonawa da hannu, sai ga kafaɗar ƙararrawar koriya shar, da rubutu kewaye da ita. Maza suka cire huluna, Fada ya durƙusa a cikin taɓo. Da katafila ta ɗago ta a sarƙa, ta fi Mirek faɗi, ƙasa na zuba daga cikinta.

Leokadia ta matso ta ɗora tafin hannunta. Sanyi ƙalau. Tsoro ya kama ta, irin wanda ke kama mutum a gaban abin da ya girme shi.

Mirek ya ɗauko guduma ya buga a hankali. Ƙarar ta ratsa gonar, ta haye kogi, ta dawo daga tuddan ƙetare. Karnukan gari suka ɗauki haushi. Tsohuwar ta ji ta a hannu har cikin haƙoranta, ba ta janye ba sai da rawar ƙarfen ta mutu.

"Ita ce, Kaka?"

"Ita ce." Ta goge ido da gefen ɗankwali. "Ƙara bugawa, da ƙarfi. Inda suka kai Baba da nisa."