Abin da Aka Ɓoye wa Sundus

Tun da ciwon sikila ya matsa wa Sundus a bara, mahaifiyarta Wafa ta cire ta daga madrasa, ta mayar da falon gidansu na unguwar Ƙurban aji. Ta yi mata rajista da wata makarantar ƙasar waje mai koyarwa ta intanet, ita kuwa ta zama malama. Sai ta karanta darasi da Turanci, ta warware wa yarinyar da Larabci, wani lokaci Hausa ta kutso ba tare da an gayyace ta ba.

A wannan zangon tarihin Indiya ta dā aka ba su. Sundus ta so farkonsa ƙwarai: biranen bakin kogin Indus, gidajen jan bulo, magudanan ruwa a ƙarƙashin titi tun shekaru dubbai. Har ta tara kwalayen dabino ta gina nata birni a kan darduma.

Rikici ya taso ranar da suka kai babin Buddha. Hajiya Ƙaltume, mahaifiyar Wafa, ta shigo da shayi, ta hango mutum-mutumi zaune ya harɗe ƙafafu a fuskar kwamfuta.

"A'uzubillahi! Wafa, gunki a garin Manzo? Kakana da ƙafa ya tako daga Katsina don a haife mu a nan, ke kuma ki shigo mana da wannan?"

"Inna, tarihi ne, ba bauta ba. Mutane masu ɗimbin yawa ke bin sa. Ya kamata ta san su wane ne."

"To, da kunnena zan ji." Tsohuwar ta ja matashi ta zauna, ta zaro carbi.

Dole Wafa ta juya darasin zuwa Hausa. Ta ce mabiyansa suna ba da labari cewa ɗan sarki ne. Ubansa ya ji tsoron kada ya guje wa sarauta, sai ya killace shi cikin daula, ya hana idonsa ganin tsoho ko majinyaci. Sai da ya girma ya fita gari ya ga wanda tsufa ya ranƙwafar, ya ga mai ciwo, ya ga an ɗauko gawa. Daga nan ya bar fada, ya shiga neman dalilin wahalar ɗan Adam.

Sundus ta ɗago kai daga matashinta. Kamar kullum, da Larabci ta amsa.

"Ya'ani duk gidan sun sani, shi kaɗai ne bai sani ba? Wallahi da ni ce, da baban zan yi fushi."

Wafa ta tuna abin da su ma suke ɓoye mata. Akwai wata yarinya, Hidaya, ƙawar Sundus, wadda suka sha kwanciya ɗaki ɗaya a asibiti, ciwonsu iri ɗaya. A makon da ya wuce Allah ya yi wa Hidaya rasuwa. Wafa da mijinta Walid suka yanke shawarar yin shiru. Duk lokacin da Sundus ta ce Hidaya ba ta amsa saƙo, sai a ce mata wayarta ce ta lalace.

"Khalas, ya isa na yau," in ji Wafa. Ta rufe kwamfutar ta shige kicin.

Ba a jima ba Hajiya ta biyo ta, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Addinin mutumin nan babu ruwana da shi, kuma hoton nan ki riƙa rufe shi in zan shigo. Amma ubansa bai kyauta ba. Kin ji abin da 'yarki ta ce."

"Inna, ciwonsu ɗaya da Hidaya," in ji Wafa. "In ta tambaye ni ko ita ma haka za ta yi fa?"

"Za ta tambaya. Ki ce ba ki sani ba, don ba ki sani ba ɗin. Gara ta ji a bakinki da ta ji a layin ɗibar jini."

Wafa ta wanke fuska ta koma falo. Ta zauna a ƙasa kusa da 'yarta, ta riƙe hannunta, ta faɗa mata cewa Hidaya ta rasu. Ta kuma faɗa mata cewa wayar ba ta lalace ba.

Sundus ta zare hannunta. Ta juya wa uwar baya, ta ja bargo har kai, ta ƙi abincin rana. Wafa ba ta tashi daga wurin ba. Sai bayan kiran la'asar aka ji murya daga cikin bargon.

"Ta ji zafi?"

"An ba ta magani. Mamanta na kusa da ita."

"Ni ma zan mutu?"

"Kowa zai mutu, habibti. Yaushe ne ban sani ba. Likitarki ta ce jikinki na karɓar magani, wannan kuma gaskiya ce."

Sannan Sundus ta yaye bargon, idanunta sun kumbura, ta ce a kai ta gidansu Hidaya.

Da Walid ya dawo daga aiki ya so ya hana, Hajiya ta ce ya ɗauko mota kawai. Suka bi ta lungunan unguwar Harra ta Gabas har wani ɗan gida mai ɗaki biyu. Lami, mahaifiyar Hidaya, mutuniyar Maraɗi ce mai aikin shara a wani otal. Tana ganin Sundus ta rungume ta.

Bayan manya sun yi addu'a, Sundus ta matsa kusa da ita. Ta ba ta labarin yadda Hidaya ke rataya robar ƙarin ruwa a wuya ta zama likita, ta bi gado gado tana duba yara, tana rubuta musu askirim safe da yamma. Lami ba ta taɓa jin wannan ba. Ta tuntsire da dariya, hawaye na bin kumatunta.

"Ita Hidayar? Mai kunyar nan?" Ta share fuska da gefen mayafi. "Sake faɗa mini, 'yata. Me kuma take yi?"

Suna nan har aka kira magariba.