Maharbi Mai Magani

Tun da na ji Sulemanu ya ce shi sana'a biyu zai riƙe a wasan nan, na san ba za a tashi lafiya ba.

Sulemanu shi ne babban ɗana. Shi ya zauna noma da ni a Gozaki, ƙanensa Yunis ya tafi sakandare a Malumfashi. Tun daga nan magana ta yi wuya tsakaninsu, daga gaisuwa sai shiru. A hutun Kirsimeti na 1984 Yunis ya dawo da wani wasa da ya koya wurin malaminsu Bature. Yunis ke ba da labari, sauran kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin, ya ba shi sana'a, a jefa ƙwayar ludo a ga ko abin da ya yi niyya ya yiwu. Ƙanwarsu Salome ta ɗauki mai magani. Da la'asar sai in gan su a gindin mangwaro suna dariya tare. Na daɗe ban ga haka ba, shi ya sa ban ce komai ba a kan ƙwayar da ta yi kama da ta caca.

Sulemanu ya ce nasa mutumin maharbi ne kuma mai magani.

Yunis ya ce, "To, Yaya, amma a ƙa'ida mai sana'a biyu rabi-rabi yake samu. Harbinka ba zai kai na cikakken maharbi ba."

"Ni da damina manomi ne, da rani magini. Rabin mutum ne ni ke nan?"

"Ba haka nake nufi ba. In ka iya komai, me Salome za ta yi?"

"Abin da suka koya maka ke nan a makarantar, ɗan boko?"

Mahaifiyata Tsohuwa na gefe tana ɓarar gyaɗa. Ta ce a gidan nan ƙarami ba ya yanka wa babba rabo, a ba Sulemanu abinsa cikakke. Yunis ya sunkuyar da kai, ya ce to.

Aka ci gaba. Kura ta fito a labarin, mutumin Sulemanu ya harbe ta. Ta yakushe shi kafin ta mutu, ya shafa wa kansa magani. Salome ta yi ta juya ƙwayar a hannu, ba a nemi mai maganinta ba. Can ta ce, "Yaya ya warke, ni bari in je daka." Washegari ba wanda ya shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro.

Abin ya tsaya mini a rai har hutu ya ƙare. Ranar da na raka Yunis garin Dayi shiga mota na ce masa, ko ni da nake noma da gini kamar yayansa, ban taɓa haɗa su rana ɗaya ba. Me zai hana mutumin yayansa ya cika maharbi in labarin rani ne, ya cika mai magani in damina ce?

Ya ce, "Zai iya yiwuwa, Baba. Amma shi za ka faɗa wa, ni ba zai ji daga bakina ba."

Har yanzu ban faɗa masa ba, ina jiran ranar da zan same shi da sakin fuska. Ban san ko zai yarda ba. Ban kuma san ko Yunis zai zo hutun Ista ba.