Agwagin da Baba Ya Kora

Likitan ido bai ɓoye mana komai ba: idon Baba na dama ya riga ya tafi, na hagun ma ba zai kai sanyin baɗi ba. Muna fitowa daga asibiti na tambaye shi me yake so ya gani tun da sauran gani. Na zaci jikoki zai ce. Wai fadama. Fadama fa!

Baba direban katafila ne a da. Shi ya haƙa lambatun da ya zuƙe ruwan fadamar tun ina goye, wai za a gina rumbunan ajiyar kaya. Ba a ga rumbu ba, sai bola. Inna har ta koma ga Allah tana yi masa tsiya, tana ce masa mai korar baƙi da katafila. Baƙin kuwa agwagin ruwa ne da ke zuwa daga ƙasashen ƙanƙara duk lokacin sanyi. Yanzu an toshe lambatun, ruwa ya dawo, aka ce su ma sun fara dawowa.

Muka je da safe. Mai gadin wurin ya kai mu wata rumfar katako mai siririyar taga, ya ba mu tabarau mai hangen nesa. Ya ce doka ɗaya ce, ba hayaniya, ba jifa. Tsuntsayen a rame suke isowa, in ana tashin su, ɗan ƙarfin da suke tarawa na komawa gida shi ke ƙarewa. Ni yake kallo yana bayani, kamar an gaya masa Rediyo ake ce mini a gida.

Suna nan kuwa maƙil, amma can ƙetaren ruwa, bakin ciyawa. Baba ya ɗora tabarau a idon hagu, ya murɗa, ya goge da bakin riga, ya sake murɗawa. Ya ce dishi-dishi kawai yake gani. Wallahi sai na ji haushin agwagin nan. Duk faɗin ruwan nan, su rasa wurin zama sai can?

Mai gadi ya zaga baya. Na san tafi ɗaya zan yi su tashi gaba ɗaya, su rufe sama, su bi ta kanmu, ko mai rabin ido ya gan su. Na zura hannuwa ta taga. Caraf, Baba ya cafke wuyan hannuna. Tsufa ya zo, amma riƙon direba na nan.

"Baba, in ba yau ba sai yaushe?"

"Na tashe su sau ɗaya," in ji shi. "Har uwarki ta rasu ba su dawo ba."

Tausayinsa ya kama ni, sai hawaye. Can ya matsa kunnensa jikin taga, ya ce tunda Allah ya hore mini baki, in ɗauki tabarau in yi amfani da shi a hankali. Na ɗauka da hannu ɗaya. Na gaya masa akwai masu koren kai, akwai masu farin zane a gefen ido, ga wata ta nutsa kai ta bar wutsiya a sama ba kunya. Ya yi dariya ƙasa-ƙasa.

"Suna kiwo?"

"Suna yi, Baba."

"Ba wadda ta ɗaga kai?"

Na duba sosai, daga wannan gefe zuwa wancan. Na ce masa babu ko ɗaya.

Sai a lokacin ya saki hannuna.