Muryar Matar Yaya

Auta ake ce masa a gida, har furfura ta fito masa sunan bai sake shi ba. Yayansa ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, da sana'ar gyaran agogo a wani ɗan shago da ko miƙe ƙafa ba a iya yi.

Da Auta ya zama marubuci, littafin da ya fito da sunansa na barkwanci ne, a kan wani mai gyaran agogo mai tsantseni, wanda ke goge gilashin idonsa da gefen riga kafin ya amsa gaisuwa. Mutane suka sha dariya. Auta bai aika wa yayansa littafin ba, ya kuma rage zuwa gidan.

Ana nan ciwon suga ya cinye idon Yaya, ya kwantar da shi. Matarsa ta kira Auta a waya ta ce, "Yayanka na cigiyarka."

Ya zo da hantsi. Tun daga bakin ƙofa ya jiyo muryarta tana karatu, nan take ya gane jimlarsa ce: "Yakan zauna yana gyara wa duniya lokaci, shi kuwa nasa ya tsaya cak tun yana saurayi."

Da taɓe baki ya rubuta wannan layin. Ita kuwa a hankali ta karanta shi, murya ƙasa-ƙasa, kamar mai yi wa wani jaje.

Yaya na jingine da filo, ya rame, hawaye na bin kuncinsa. Ya lalubo hannun ƙanensa ya riƙe.

"Ashe kana kallona, Auta. Har yadda nake goge gilashi! Ni da na ɗauka ba ka ma san ina yi ba. Allah ya yi maka albarka."

Da ƙyar amin ta fito daga bakin Auta.

Da matar Yaya ta shiga kicin ɗora ruwa, Auta ya bi ta.

"Anti, tsallake wasu wuraren kike yi ko?"

"Ko harafi ban tsallake ba." Ba ta juyo ba. "Ni ma na je makaranta, na san dariya kake yi masa. Maƙwabci ne ya ce masa ƙanensa ya sa shi a littafi, ya nace sai ya ji. Kalmomin naka ne. Murya kawai na sauke."

Ta miƙo masa littafin. "Maƙogwarona ya gaji. Saura babi ɗaya, je ka ƙarasa masa."

Ya zauna a bakin gado ya karanta, yana kwaikwayon muryarta, yana taka kowace jimla kamar mai tafiya a kan ƙaya. Yaya na ta gyaɗa kai har barci ya ɗauke shi.

Wata bai cika ba Yaya ya rasu.

Bayan wani lokaci aka gayyaci Auta taron masu karatu, aka roƙe shi ya karanta wani babi daga littafin mai gyaran agogo. Ya karanta a hankali, da sassanyar murya. Jama'a suka ɗauka wani sabon salon barkwanci ne, zauren ya kece da dariya, har wani yana bubbuga tebur. Auta ya daure ya kai ƙarshen shafin, ya rufe littafin, ya ce a gafarce shi, muryarsa ta dishe.