Gwaji Dubu Arba'in da Tsumma Ɗaya

Injin rijiyar burtsatsen wata ruga a Gwiwa ya ƙone ranar Alhamis da hantsi, kwana ashirin da shida bayan an haɗa masa na'urar da ke kunna shi da kashe shi da kanta. Garke goma sha ɗaya ke shan ruwa a wurin, ga shi tsakiyar bazara.

Wadda ta zana na'urar, Malama Sa'adiyya, mai koyar da fasahar lantarki a wata kwaleji a Kazaure, ta iso ƙarfe goma da rabi tare da Toma, ma'aikacin ɗakin gwajinsu. Shanu sun kewaye kwamin shan ruwa, ba ko ɗigo a ciki.

Aikin na'urar ba wuya. Ƙwallon roba biyu ne a cikin tanki. In ruwa ya ƙare, na ƙasa ya faɗi, sai ta kunna inji. In ya cika, na sama ya taso, sai ta kashe. Kafin a ƙera ta, Sa'adiyya ta rubuta manhaja mai ƙirƙiro gwaji da kanta, tana jefa wa zanen yanayi iri-iri a kwamfuta tana duba amsarsa. Gwaji dubu arba'in, zanen ya ci duka. Da aka auna manhajar da wasu biyu irinta a kan zane-zanen da aka saba gwada su da su, tata ce ta fi kama kuskure.

"Baba, me aka taɓa?" ta tambayi Malam Lauwali, dattijon da ke kula da rijiyar.

"Ba a taɓa komai ba, Malama. Tanki na wanke, yadda kika rubuta mana: Alhamis ɗin ƙarshen wata. Ina cikin gurza sai na ji inji yana shaƙuwa, tat-tat-tat, sai hayaƙi."

Toma ya hau tsani ya leƙa. Sai ya kira ta.

"Malama, zo ki ga wanda ya kayar da ke."

Ta hau. An ɗaure ƙwallon sama da tsumma a jikin ƙarfen murfi.

"Ai kullum haka muke yi," in ji Lauwali daga ƙasa. "In ba ka ɗage shi ba, tsintsiya ta karya shi. Kayan mutane ne."

Sa'adiyya ta riƙe tsanin da kyau. Ƙwallon ƙasa na cewa ba ruwa, na sama na cewa tanki ya cika. Na'urar ta bi umarnin duka biyun, kunna, kashe, kunna, kashe, har inji ya ci wuta. Ta tuna layin da ta rubuta wa manhajar da hannunta, don kada ta ɓata lokaci: tanki ba zai zama fanko kuma cike a lokaci guda ba, a tsallake wannan. Cikin gwaji dubu arba'in babu ko ɗaya da ya leƙa wurin.

"Wa kuma ke ɗaure ƙwallo haka?" ta tambayi Lauwali.

"Sama'ilu na Babura mana. Ni na koya masa." Lauwali ya yi murmushi. "Shi dai malalaci ne, sai ya yi azahar yake wanki."

Na'ura biyu kacal aka ƙera. Ta biyun tana rijiyar da Sama'ilu ke kula da ita, a wani ƙauye gaba da Babura, kuma can Lauwali ke shirin tura shanun nan gobe.

Can ma yau ce ranar wankin tanki. Ta kira wayar Sama'ilu don ta hana shi ɗaure ƙwallon. A kashe. Ta kira mai unguwarsu, layi bai shiga ba. Ta bar Toma da injin da ya ƙone ta hau babur. A Kazaure ta tarar da motar Babura saura mutum huɗu ta cika, ta biya kujerun.

"Hajiya, gawa za ki tarar?" in ji direban.

"Ja mota, Malam, don Allah."

Ta kira sau goma sha bakwai a hanya. Sun shiga tashar Babura ana kiran sallar azahar. Daga nan zuwa rijiyar kilomita goma sha tara ne, hanyar yashi, kuma masu babur duk sun shiga masallaci. Ta sake kira. Har lokacin wayar Sama'ilu a kashe take.